Matacin Iskar Inji: Yadda Ake Zaɓen Na Ƙwarai Domin Motar Shiga Daji

Gabatarwa

Duk wanda ya bi Titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi, ko ya karkata daga Dangi ya bi Titin Maiduguri ta Tarauni, ba zai rasa ganin manyan motocin nan da duk ƙafafunsu huɗu ke ja ba, irin su Toyota Land Cruiser da Hilux da tsofaffin Land Rover, suna tsaye a garejin kanikawa an ɗaga musu bonet. Waɗannan motoci su ne ke kai ma'aikatan lafiya da allurar rigakafi ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba. Su ne ke kai malaman gona filayen noman rani na Kadawa, da ma'aikatan gandun daji cikin Dajin Falgore, su ne kuma ke ratsa rairayin Jamhuriyar Nijar daga Damagaram zuwa Agadas. Idan irin wannan mota ta mutu a tsakiyar daji, asarar ba ta tsaya ga kuɗin gyara kaɗai ba, domin mai yiwuwa majinyaci ne a ciki, ko maganin da ba ya jure zafi.

A wannan darasi za mu duba wani ƙaramin abu wanda rayuwar injin irin waɗannan motoci ta rataya a kansa, wato matacin iska, wanda kanikawa ke kira filta. Za mu ga dalilin da ya sa inji ke bukatarsa, da yadda yake aiki, da ire-irensa, sa'an nan mu ga ƙa'idojin da ya kamata a bi wajen zaɓen sabo idan tsohon ya gaji. Abin da muke so ɗalibi ya riƙe shi ne, ba da kyaun kwali ko arahar farashi ake auna mataci ba. Ana auna shi da ƙarancin ƙurar da yake bari ta wuce, da kuma yadda ya zauna daram a gidansa ba tare da barin kafa ba.

Yawan iskar da inji ke shaƙa

Wuta ba ta ci sai da iskar oksijin, inji kuwa ba kome ba ne illa murhun da ake ƙona mai a cikinsa cikin sauri. Domin giram 1 na fetur ya ƙone ƙurmus, yana bukatar giram 14.7 na iska. Lita ɗaya ta fetur tana da nauyin kimanin giram 750, saboda haka tana bukatar wajen kilogiram 11 na iska. A wuri mai zafi kamar Kano, wadda kuma ta ɗara bakin teku tudu da mita 480 ko kusa da haka, nauyin litar iska ɗaya bai wuce giram 1.1 ba. Idan aka raba, za a ga cewa kowace lita ta fetur tana cin kusan lita 10,000 ta iska. Wannan daidai yake da jarkoki 400 masu cin lita 25, irin na 'yan garuwa.

Injin gas, wato dizal, ya ma fi haka zuƙar iska, domin a kullum yana shaƙar fiye da abin da man yake bukata. Mu ɗauki injin da ake kira 1HZ, wanda kamfanin Toyota ya fara ƙerawa a 1990, kuma ake samunsa a cikin Land Cruiser da yawa a ƙasashenmu. Yana da silinda 6, faɗin cikinsu gaba ɗaya lita 4.2. Irin wannan inji yana cika silindojinsa da iska sau ɗaya a kowane juyi biyu. Idan yana juyawa sau 2,000 a minti ɗaya, ya cika su sau 1,000 ke nan, wato lita 4,200. Tun da yake silinda ba ta cika maƙil, mu rage lissafin zuwa lita 3,500 a minti. A sa'a ɗaya ya zama lita 210,000, ko kuma mita-kubik 210.

Domin mai karatu ya gane girman wannan adadi, mutum baligi yana shaƙar kimanin lita 10,000 ta iska a kwana ɗaya cur. Ashe abin da mutum ke shaƙa daga safiyar yau zuwa ta gobe, wannan inji yana haɗiye shi cikin minti 3. Duk ƙurar da ke cikin wannan iska kuwa, ƙofar inji ta nufa.

Mece ce ƙura, kuma me take yi wa inji?

Ƙurar da motocinmu ke haɗuwa da ita iri biyu ce. Ta farko ita ce ta hanya, wadda tayoyi ke tayarwa a kan burji da rairayi. Ta biyu ita ce ta hunturu, wadda ke sauko mana tun daga Nuwamba har zuwa wajejen Maris. Kaso mai yawa na ƙurar hunturu daga wani kwari take tasowa mai suna Bodele a arewacin ƙasar Chadi, wanda masana ke lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. A zamanin da, kwarin yana ƙarƙashin ruwan wani makeken tafki ne wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Da ruwan ya janye sai ya bar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa, iska kuma ta riƙa niƙe shi tana kwasowa, tana haɗawa da garin yashin Sahara. A 1980 wani masani mai suna Grant McTainsh ya buga sakamakon bincikensa a kan saukar ƙurar hunturu a arewacin Nijeriya a mujallar kimiyya ta Nature, abin da ke nuna cewa tun da daɗewa ƙurar yankinmu ta ja hankalin masanan duniya.

Ana auna ƙwayar ƙura da ma'aunin maikiron. Idan aka raba milimita ɗaya gida 1,000, kowane gida shi ne maikiron ɗaya. Kaurin gashin kan mutum yana kai wa kimanin maikiron 70, idon mutum kuwa da ƙyar yake ganin ƙwayar da ta gaza maikiron 40. Mafi yawan ƙwayoyin da ke cin inji sun gaza haka, wato ido ba ya ganin ƙwayarsu ɗai-ɗai.

Abin da ya sa ƙura ke da haɗari shi ne taurinta. Babban abin da ke cikin yashi da ƙurar ƙasarmu wani ma'adini ne da ake kira kwaz, irin farin dutsen nan mai sheƙi. A 1812 wani Bajamushe masanin duwatsu, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10, inda lu'ulu'un daimon ke kan 10, kuma duk abin da ke sama yana iya kartar na ƙasa da shi. A wannan ma'auni kwaz yana kan 7, ƙarfen wuƙa yana wajen 5.5, alminiyon kuwa, wanda ake yin fistin da shi, bai kai 3 ba. Ma'ana, ƙwayar ƙura ta fi ƙarfen inji tauri.

A cikin silinda, fistin yana hawa da sauka, ringin da ke jikinsa yana gogar bango. Abin da ya raba ringi da bangon silinda wani siririn shafi ne na baƙin mai wanda kaurinsa bai wuce 'yan maikiron kaɗan ba. Idan ƙwayar ƙura ta fi wannan shafi kauri, sai ta maƙale tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ta riƙa karta kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke cin ƙarfe. Wadda ta gangara cikin baƙin mai kuma sai ta zagaya sauran sassan inji. A hankali ringi ya saki, inji ya fara shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu, tashinsa da safe ya yi wuya, har ta kai ga sai an sauke shi. A motar da ke da turbo, wanda farfelarsa ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti, ƙura tana fara cinye bakin farfelar tun kafin ta isa silinda.

Yadda mataci ke kama ƙura

Mutane da yawa suna ɗaukar mataci kamar rariyar tankaɗe ce, wato abin da ya fi huda girma ya tsaya, wanda ya gaza ta ya wuce. Wannan hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyi huɗu. Takardar mataci tarin zarurruka ce da aka cakuɗa, iska tana bi ta tsakaninsu tana karkace-karkace. Hanya ta biyu ita ce, ƙwaya mai ɗan nauyi ba ta iya yin kwana tare da iska, sai ta zarce ta daki zare ta manne, kamar yadda babbar mota mai gudu ke kasa shan kwana. Ta uku, ƙwaya matsakaiciya tana bin iska, amma idan ta ratsa daf da zare sai gefenta ya taɓa shi ta maƙale. Ta huɗu ta shafi ƙwayoyi mafiya ƙanƙanta, waɗanda ƙwayoyin iska ke ta tunkuɗa nan da can, suna tafiya kamar mashayi har su yi karo da zare. Wannan rawar ƙananan ƙwayoyi ita ce wadda Robert Brown, masanin tsirrai ɗan Sikotlan, ya lura da ita a cikin ruwa a 1827.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a kula da shi. Macen da ke tace gasara ta san cewa idan dusa ta fara taruwa a kan mayanin, ruwan yakan rage saurin sauka, amma abin da ke sauka ya fi laushi. Haka mataci yake. Ƙurar farko da ta kwanta a kansa takan zama wani matacin na biyu, ta toshe manyan kafofi. Saboda haka matacin da ya ɗan yi aiki ya fi sabo fil kama ƙura, muddin bai toshe ba.

Dalilin da ya sa ake nannaɗe takardar ninki-ninki shi ne a sami fili mai yawa a ƙaramin wuri. A ƙaddara mataci yana da ninki 100, zurfin kowane ninki santimita 3, tsayinsa santimita 25. Kowane ninki yana da fuska biyu, saboda haka filinsa 2 × 3 × 25, wato sikwaya-santimita 150. Ninki 100 ya ba da 15,000, wato sikwaya-mita 1.5. Idan lita 3,500 ta iska ta bazu a kan wannan fili a minti ɗaya, saurin ratsawarta bai wuce santimita 4 a daƙiƙa ba. Amma idan mai yin jabu ya rage ninkin zuwa 50 domin ya tsimi takarda, saurin iskar zai ninka, matacin kuma zai cika da wuri.

Ire-iren matatai

Tarihin matacin iska daga gona ya faro. A 1915 wani Ba'amurke mai tallan tarakta, Frank Donaldson, ya tarar da taraktar wani manomi a jihar Utah tana yawan mutuwa saboda ƙurar gona. Sai ya haɗa mata mataci da ragar waya da ƙyalle mai laushi, matsalar ta yi sauƙi. Kamfanin da ya kafa yana nan har yau yana ƙera matatan manyan injina. Daga wancan lokaci zuwa yau an sami iri huɗu da suka shahara.

Na farko shi ne mai kwanon mai, wanda ake gani a tsofaffin Land Rover da taraktoci. Iska tana sauka ta yi kwana a kan kwanon baƙin mai, ƙura mai nauyi ta faɗa ciki, saura kuma ta maƙale a curin wayar da mai ya jiƙa. Amfaninsa shi ne ba a sayen sabo, wankewa ake yi a zuba mai. Illarsa ita ce kamunsa yana raguwa idan inji yana tafiya a hankali, kuma bai kai na takarda kama ƙananan ƙwayoyi ba.

Na biyu shi ne na busasshiyar takarda mai ninki, wanda yawancin motoci ke fitowa da shi daga kamfani. Shi ne ya fi dacewa da ƙasa mai ƙura, domin kamunsa yana da kyau ko inji na gudu ko yana tsaye. A yau akwai waɗanda ake shimfiɗa wa takardarsu wani siririn rufi na zaren roba mai tsananin laushi, wanda ke tsare ƙura tun a fuskar takardar. Abokin gabar takarda shi ne ruwa, domin idan ta jiƙe takan yi laushi ta toshe, ko ta yage.

Na uku shi ne na ƙyallen auduga da ake shafa wa mai, wanda aka fi yi domin motocin tsere. Yana barin iska ta wuce sosai, kuma ana wanke shi a sake amfani da shi. Amma abin da ya ba iska hanya shi ne yalwar kafofinsa, saboda haka a gwaje-gwaje yakan bar ƙura ta wuce fiye da na takarda mai kyau. Bugu da ƙari, idan aka cika masa mai, man yakan ɓata na'urar auna iska da ke bayan mataci a motocin zamani.

Na huɗu shi ne na soso mai mai, wanda aka fi sani a babura da janareta. Yana jure danshi, amma duk ƙarfinsa yana ga man da aka shafa masa. Idan man ya bushe, ko aka wanke shi aka mayar ba mai, ƙura za ta ratsa shi kamar babu kome.

Ban da waɗannan, motar daji takan zo da wasu mataimaka. Akwai mai juya iska, wanda ke sa iskar ta yi guguwa kafin ta isa takarda, ƙura mai nauyi ta watsu gefe kamar dutse a cikin majajjawa, ta faɗa wani ɗan kofi a ƙasa wanda ake zubarwa. Akwai dogon bututun nan da ake gani a gefen gilashin gaba, wanda ke ɗauko iska daga saman mota, nesa da ƙurar taya da kuma ruwan rafi a lokacin damina. Wannan yana da muhimmanci, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, idan ya shiga silinda yana iya lanƙwasa sandar fistin nan take. A taraktoci da manyan motoci kuma akan sami ƙaramin mataci a cikin babban, wanda ke tsare inji idan na wajen ya yage.

Ma'aunai uku

Hukumar daidaita ma'auni ta duniya tana da ƙa'idar gwajin matacin iska mai lamba ISO 5011. A wannan gwaji ana hura wa mataci wata ƙura ta musamman wadda aka san girman ƙwayoyinta, sai a auna abubuwa uku: kason ƙurar da ya kama, da nauyin ƙurar da ya iya ɗauka kafin ya toshe, da kuma irin cikas ɗin da yake yi wa iska. Waɗannan uku suna jan juna. Idan aka yalwata kafofi iska ta wuce da sauƙi, kamu ya ragu. Idan aka matse su kamu ya ƙaru, toshewa ta zo da wuri. Hanyar samun duka ukun ita ce takarda mai inganci da ninki mai yawa, wannan kuwa shi ne abin da ke sa na ƙwarai tsada.

Yanzu mu koma ga injinmu mai shaƙar mita-kubik 210 a sa'a. A ƙaddara, domin lissafi kawai, motar tana bin bayan tifa a kan burji, kuma kowane mita-kubik na iska yana ɗauke da miligiram 100 na ƙura. A sa'a ɗaya giram 21 na ƙura ya isa ga mataci. Matacin da ke kama kashi 99 cikin 100 zai bar miligiram 210 su wuce. Wanda ke kama kashi 99.9 cikin 100 zai bar miligiram 21 kacal. A ido, 99 da 99.9 kamar abu ɗaya ne, amma inji ba ruwansa da abin da aka kama, abin da ya wuce shi ne ke cin sa, kuma na farkon ya ninka na biyun sau 10. Bayan sa'o'i 500 a irin wannan hanya, inji ɗaya ya haɗiye giram 105 na garin dutse, ɗayan kuwa giram 10.5.

Ƙa'idojin zaɓe a kasuwa

Ko a shagunan bakin titi na Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi mutum zai saya, ko a manyan kasuwannin kayan gyara na Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, ga abubuwan da ya kamata ya lura da su.

Na ɗaya, a saya da lamba, kada a saya da kama. Sunan mota kaɗai bai isa ba, domin Hilux, wadda aka fara ƙerawa tun 1968, ta sauya inji da gidan mataci sau da yawa. A duba littafin mota, ko lambar da ke jikin tsohon matacin idan an tabbata shi ne na asali, ko a yi amfani da lambar shasi.

Na biyu, a tafi da tsohon a gwada su gefe da gefe: tsayi, da faɗi, da girman baki. Bambancin milimita 2 ko 3 ya isa ya bar kafa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, iska kuma kullum hanya mafi sauƙi take bi. Matacin da ya fi kowane kyau, idan bai zauna daidai ba, ba shi da amfani.

Na uku, a danna robar bakinsa da yatsa. Ta ƙwarai tana da laushi, tana lotsawa ta dawo. Mai tauri, ko mai tsagewa, ko wadda ta fara rabuwa da takarda, ba za ta iya toshe kafa ba, balle a kan gargada inda mota ke ta girgiza.

Na huɗu, a ƙirga ninki a kwatanta da na asali, a duba ko tazararsu daidai take, a kuma duba gam ɗin da ya haɗa takarda da murfin sama da na ƙasa. Sa'an nan a sa tocila a ciki a wuri mai duhu. Haske mai laushi wanda ya bazu ko'ina daidai alama ce mai kyau, amma ɗigon haske mai ƙarfi huda ce.

Na biyar, kada a sayi matacin da aka ciro daga wata mota, ko da sauran kayan Beljiyam suna da amfaninsu. Ba wanda ya san irin busawa da bugun da ya sha. Haka nan idan farashi ya faɗi ƙasa warwas da na sauran shaguna, a tuna cewa araha ba ta ado, kuma kwali shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo.

Na shida, a duba inda motar ke aiki. Wadda ke yawo a burji da rairayi, takarda mai kyau tare da mai juya iska ta fi dacewa da ita. Direban da zai yi doguwar tafiya ya riƙe sabo guda a cikin ledarsa, a inda kaya ba za su danne shi ba.

Yaushe ake canjawa?

Littafin kowace mota yana faɗin nisan tafiyar da za a yi kafin a canja mataci, kuma yakan ba da wa'adi mafi gajarta domin hanyoyi masu ƙura. Mu a nan wa'adi na biyun ya shafa. Hanya mafi inganci ita ce 'yar na'urar nuna toshewa da ake ɗaura wa bututun iska, wadda ke nuna ja idan cikas ya kai iyaka. A injinan gas da yawa iyakar takan kasance zuƙar da za ta iya ɗaga ruwa inci 25 a cikin bututu, wato milimita 635. Launin takarda kaɗai ba hujja ba ne, domin mataci yana iya yin ja da ƙura alhali yana kan ganiyar aikinsa.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare, wato duk lokacin da aka je juye sai a ciro mataci a buga shi da taya, ko a kai wa mai faci ya busa shi. Bugu yana lanƙwasa baki ya tsaga gam. Iskar tankin mai faci kuwa tana da ƙarfin da zai iya yaga zarurrukan takarda, ta bar hudojin da ido ba ya gani. Matacin zai fito fes, amma ya rage kamu. Wasu kamfanonin mota sun yarda a busa a hankali, daga ɓangaren mai tsabta zuwa waje, bakin bututun yana nesa da takarda, amma masu ƙera matatan manyan injina sun fi ba da shawarar a canja kawai. Kada kuma a wanke na takarda da ruwa ko fetur, sai fa wanda aka rubuta a jikinsa cewa na wankewa ne.

Masu busawa sukan ce domin a rage shan mai suke yi. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke Amurka ta gwada wannan magana, ta gano cewa a motocin fetur na zamani, waɗanda kwamfuta ke auna musu mai, toshewar mataci ba ta ƙara shan mai yadda za a damu, sai dai tana rage ƙarfin fizgar mota. Tsohuwar mota mai kafireta ce shan manta ya ƙaru. A injin gas kuwa, alamar toshewa ita ce raguwar ƙarfi da baƙin hayaƙi. Abin lura shi ne, toshewa tana nuna kanta kuma canji yana maganinta, amma huda ba ta nuna kanta sai ta gama ɓarna.

A ranar canji, a kashe inji, a yi aikin a inda iska ba ta kaɗawa. A goge cikin gidan mataci da ɗanyen tsumma, a zubar da kofin ƙura, sa'an nan a shafa farin ƙyalle a cikin bututun da ya nufi inji. Idan ƙyallen ya fito da ƙura, to akwai kafa a wani wuri, ko a tsohon matacin, ko a murfi, ko a tsagewar bututun roba, kuma wajibi ne a gano ta kafin a rufe.

Gwaji domin makaranta

Malami zai iya sa ɗalibai su yanka farin kwali guda 3, su shafa wa kowanne man basilin. A ajiye ɗaya a bakin titi, ɗaya a tsakar makaranta, ɗaya a cikin aji, na tsawon kwana 2, sa'an nan a duba su da madubin ƙara girma. A maimaita gwajin a hunturu da kuma damina a kwatanta. Gwaji na biyu, a ɗora ɗan yashi a kan ɓallen gilashi ko tsohon cokali a goga, a duba kartar da ya bari. Na uku, a roƙi bakanike tsofaffin matatai biyu na mota iri ɗaya, a yanka su, a miƙe takardar a auna filin kowace.

Tambayoyi

1. Inji mai faɗin lita 2.8 yana juyawa sau 3,000 a minti. Lita nawa ta iska zai shaƙa a minti ɗaya idan silindojinsa suna cika maƙil?
2. Mataci ya karɓi giram 400 na ƙura, yana kama kashi 99.5 cikin 100. Giram nawa ya wuce zuwa inji?
3. Bayyana dalilin da ya sa matacin da ya ɗan yi aiki ya fi sabo kama ƙura.
4. Me ya sa matacin da ya dace da motar tsere bai dace da motar da ke zuwa Agadas ba?

Kammalawa

Mun ga cewa inji yana shaƙar iska fiye da man da yake sha sau dubbai, kuma ƙurar ƙasarmu ta fi ƙarfensa tauri. Mun ga kuma cewa abin da ya wuce mataci shi ne abin ƙirgawa, kuma kafa guda a bakin roba tana iya rushe aikin takarda mafi inganci. Kuɗin mataci na ƙwarai ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin sauke inji, rigakafi kuwa ya fi magani. Muna fatan ɗalibai za su kai wannan bayani ga iyayensu da yayyensu direbobi da kanikawa, su kuma gwada irin wannan lissafi a kan janareta da injin ban-ruwa da babur ɗin gidansu, domin duk ƙa'ida ɗaya suke bi.